Masu Tace Faifan Jazz na Shekara

Idan Nuwamba ta kama, masu sharhi kan kiɗan jazz a Amurka da Turai sukan shiga wani aiki da ya fi kama da hukunci a kotu fiye da shaƙatawa. Faya-fayai sababbi sun fito tun daga Janairu, ɗaruruwa, wasu daga manyan kamfanoni irin su Blue Note da ECM, wasu kuwa makaɗin ne ya biya kuɗin ɗauka daga aljihunsa. Ana so mutum ya zaɓi goma, ya jera su daga na ɗaya zuwa na goma, ya sa sunansa a ƙasa. Wanda bai san dawan garin ba zai ce ai son rai ne kawai, kowa da abin da ke masa daɗi a kunne. Ni dai ina ganin gwaninta ce ta gaske, kuma masu ita sun cancanci a jinjina musu.

Al'adar ta daɗe. Mujallar DownBeat, wadda aka kafa a Chicago a 1934, ta fara tattara ƙuri'un masu sharhi a 1953. A 2006 wani marubuci mai suna Francis Davis ya buɗe tasa ƙuri'ar a jaridar Village Voice ta New York da mutane kusan talatin, daga baya ta koma gidan rediyon NPR, masu jefa ƙuri'a suka haura ɗari. Shekaru da dama tsarin mai sauƙi ne: faifan da ka sa a na ɗaya ya sami maki 10, na biyu 9, haka har ƙasa, sai a tara. Lissafin ba shi da wuya, ko ɗan firamare zai yi. Aikin yana can baya, a cikin watannin da mutum ya kwashe yana saurare.

Jazz kiɗa ne da ake ƙirƙirar mafi yawansa nan take. Makaɗa sukan fara da ɗan karin da suka amince da shi, sannan kowa ya karɓi fili ya faɗi nasa, sauran suna tallafa masa. Don haka gwanin saurare ba ya tsayawa kan mai busa da ke gaba. Yana sa kunne can baya, wajen mai ganga da mai bas, ya ji ko suna jin abin da mai busan ke faɗa, ko kuwa kowa harkar gabansa yake yi. A ɗauki farkon faifan Kind of Blue na Miles Davis, wanda ya fito a 1959. Fiyanon Bill Evans da bas ɗin Paul Chambers suna buɗewa a hankali kamar masu lalube. Sai bas ya ɗauki karin, abin da ba a saba ba shi ba, sauran suna amsa masa da sauti biyu rak, kamar 'yan amshi. Daidai lokacin da Miles zai shigo da ƙahonsa, Jimmy Cobb ya doki farantin tagullarsa sau ɗaya, ƙarar ta bazu, kiɗan ya miƙe. Wanda ya iya saurare ya san cewa a wannan bugu ɗaya aka buɗe wa Miles hanya, kuma irin wannan yake nema a sabon faifai: wurin da mutum biyar ko shida suka zama kunne ɗaya.

Bayan haka akwai haƙurin maimaici. Wani faifan yakan burge a ji na farko saboda sauri da ƙarfin busa, a ji na uku sai ka tarar babu abin da ya rage a ciki. Wani kuma yakan zo a murtuke, sai an koma masa bayan wata guda yake sakin fuska. Shi ya sa masu tsantseni ke rubuta abin da suka ji tun daga farkon shekara, su dawo wa faifan Fabrairu a watan Nuwamba, don kada wanda ya fito jiya ya danne shi kawai saboda yana kusa a tunani. Suna kuma yaƙi da kwarjinin suna. Leonard Feather ya shahara da wani gwaji da ya riƙa yi wa makaɗa a DownBeat: a kunna musu faifai ba a faɗi mai shi ba, su yanke hukunci da kunne kaɗai. Mai zaɓe nagari yana yi wa kansa irin wannan tambayar, wato da a ce wani yaro ne da ba a sani ba ya yi wannan kiɗan, zan sa shi a goma?

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ƙarfin halin. Mu yau mun san 1959 shekara ce ta ban mamaki: ban da Kind of Blue, a cikinta aka fitar da Mingus Ah Um na Charles Mingus, da Time Out na Dave Brubeck, da The Shape of Jazz to Come na Ornette Coleman. Amma mun sani ne saboda shekara sittin da ɗoriya sun tace mana. Wanda ya zauna da faifan Coleman a makon da ya fito ba shi da wannan gatan. Ya ji ƙungiya babu fiyano, ya ji a waƙar farko gangar Billy Higgins tana gudu yayin da saksofon ɗin Coleman da ƙahon Don Cherry ke jan karin a hankali kamar masu makoki, kuma dole ya faɗa a rubuce ko wannan sabuwar hanya ce ko shirme. Manyan makaɗa ma sun rabu biyu a kansa. Da faifansa Free Jazz ya fito, DownBeat ta ba mutum biyu su yi sharhi a 1962: Pete Welding ya ba shi tauraro biyar, iyakar makin ke nan, John Tynan kuwa bai ba shi ko ɗaya ba. Tarihi ya fi karkata ga Welding, domin a ƙuri'ar Francis Davis ta farko, a 2006, faifan Coleman mai suna Sound Grammar ne ya zo na ɗaya, a 2007 kuma ya ci kyautar Pulitzer. Duk da haka ina girmama Tynan. Ya saurara, ya faɗi dalilinsa, ya sa hannu, ya bar wa na baya abin da za su yi gardama da shi. Ya fi mini wanda zai raba wa kowa tauraro uku don kada ya ɓata da kowa.

Akwai kuma matsalar matattu, waɗanda a jazz ba sa daina fitar da faifai. A 2005 wani ma'aikacin ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, Larry Appelbaum, ya ci karo da wani tef da Muryar Amurka ta ɗauka a 1957, na Thelonious Monk da John Coltrane a zauren Carnegie Hall. A 2018 aka fitar da Both Directions at Once, wanda Coltrane ya ɗauka a 1963. Idan aka haɗa irin waɗannan da aikin matashiyar da ta fitar da faifanta na farko, an zalunce ta, kamar a sa ɗan kokawar unguwa ya kara da wanda aka daɗe ana yi wa kirari. Don haka masu shirya ƙuri'a suka ware wa tsofaffin ɗauka rukuninsu, suka ware wa faifan farko nasa, haka ma na masu rera waƙa da na jazz ɗin Latin.

Sai neman abin da ba ya zuwa da kansa. Babban kamfani yana da masu talla da ke tura faifai har gida. Maria Schneider, wadda faifanta Data Lords ya zo na ɗaya a ƙuri'ar Davis ta 2020, tana fitar da aikinta ta ArtistShare, inda masoya ke tara kuɗin ɗauka, kuma ta daɗe tana adawa da yadda manhajojin saurare ke biyan makaɗa. Mai sharhin da ya tsaya ga abin da waya ta kawo masa zai iya wuce ta. Haka zai wuce abin da ake yi a Johannesburg da Landan da Oslo da Tokyo, domin jazz ya daɗe da fita daga New Orleans da New York.

Jerin da aka tara daga ƙuri'u da yawa yana da nasa rauni: faifan da kowa ya sa a na biyar yakan doke wanda mutum uku suka mutu a kansa. Maganin da ƙuri'ar Davis ta samo shi ne buga takardar kowane mai zaɓe daban, da sunansa. Mai karatu sai ya nemi wanda kunnensu ya zo ɗaya, ya duba goman da ya zaɓa, ya fara da faifan da babu wanda ya ambata sai shi.