Indomin Mota Ba Shara Ba Ce

Jama'ar Sabo, wata ɗabi'a ta kama mu. Mota ta fara jan ƙafa, mu kai ta gareji, bakanike ya leƙa ƙasa ya ce, "Alhaji, indomi ce ta toshe, a fasa kawai." Mu ce to. Ya yanka salansa, ya kwashe, ya yi walda, mu biya shi har da godiya.

Abin da bai faɗa ba shi ne, wannan abu mai kama da saƙar zuma an shafe shi da ƙarafa masu tsada irin su filatinom. Shi ya sa 'yan gwangwan, har da yaranmu, ke rububinsa. Aikinsa rage gubar hayaƙi kafin ya fito.

Injin fa? Yawancin tokunbo sansa biyu gare su, ɗaya gaban indomi, ɗaya bayanta, ƙwaƙwalwar mota tana kwatanta su. Da an cire, fitilar cek ta kama ke nan. Ranar da matsalar gaske ta zo, ta yaya za mu gane? Sannan abin da ya toshe ta tun farko, filogi da ya mutu ko inji mai shan baƙin mai, yana nan. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Hayaƙin kuma a lungunanmu yake sauka, kan mai shayi, mai ƙosai da 'yan makarantar allo.

Don Allah, a sa na'ura a gano ciwon tukuna. In indomi ta mutu, a canja ta. Kuma mu tsaya kan motarmu har a gama aiki.