Littafin Makoki da Masu Rubutu a kan Cocin da Ya Ƙone

Duk wanda ya girma tsakanin Fagge da Sabon Gari ya san Oktoba biyu da ba a son tunawa. A Oktoban 1982 rikici ya tashi a kan sabon ginin cocin Angilikan da ake yi a Fagge, kusa da masallacin Juma'a. 'Yan sanda suka tsare wannan cocin, sai fushin ya faɗa kan wasu coci-coci a Sabon Gari, aka banka musu wuta. A Oktoban 1991 kuma tarzoma ta ɓarke a kan zuwan mai wa'azin nan Bajamushe, Reinhard Bonnke, aka yi asarar rayuka, wuta ta cinye coci-coci da masallatai da shaguna.

Na karanta waƙoƙi da gajerun labarai da dama da matasa Kirista suka rubuta da Hausa a kan irin wannan asara, galibi na ɗalibaina da masu kawo mini rubutu in duba. Ciwonsu kusan ɗaya ne, wato gaggawa. Baiti na farko wuta, na biyu a ce ai masu bi su ne coci, na uku an yafe, sai amin. Maganar daidai take a koyarwar Kirista, amma a adabi ta zo da wuri. Mai karatu bai ga abin da aka rasa ba, balle ya taya jimami.

Saboda haka nake son mu dubi Littafin Makoki, wanda ke cikin Littafi Mai Tsarki da aka fara buga cikakkensa da Hausa a 1932. Waƙoƙi biyar ne, al'ada ta danganta su ga Annabi Irmiya. Jigonsu rushewar Urushalima da Haikalinta a hannun Nebukadnezzar na Babila, wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu.

Ta fuskar zubi da tsari, huɗun farko an jera su ne bisa haruffan Ibrananci guda 22, kowace aya ta fara da harafinta. Ta uku ta ba kowane harafi aya uku, shi ya sa take da aya 66. Fassarar Hausa ba ta iya ɗauko wannan ba, kuma babban rashi ne. Mawaƙin ya sa wa baƙin cikinsa linzami: zai faɗi komai daga harafin farko zuwa na ƙarshe, amma a jere, don kada kuka ya koma hauka.

Ta fuskar salo, ya yi amfani da mutuntarwa, ya mai da birnin gwauruwa mai kuka da dare. Sannan yana kiran abubuwa da sunansu: ƙofofin da suka nutse a ƙasa, hanyoyin da babu masu zuwa idi, duwatsun Haikali warwatse a tituna. Ina bencin da kakarka take zama a waƙarka? Ina gangar ƙungiyar zumuntar mata, da littafin rajistar baftisma da ya zama toka?

Abin lura na uku shi ne inda ya ajiye bege. Sai a tsakiyar waƙa ta uku ya ambaci jinƙan Allah, bayan ya gama zubar da hawaye, daga nan ya koma cikin kango. Waƙa ta biyar ma ta ƙare ne da fargabar ko Allah ya yi watsi da su. Bangaskiyar da ta bi ta nan ta fi kama zuciya.

Sai dai akwai inda marubucinmu zai yi taka-tsantsan. Makoki na roƙon Allah ya saka wa abokan gaba, har ya ambaci Edom. To, Babila rundunar baƙi ce da ta zo ta koma. Mu kuwa kasuwa ɗaya muke ci, kuma da yawa a unguwannin nan sun san maƙwabcin da ya ɓoye maƙwabcinsa ranar wuya. Wanda zai kwaikwayi littafin ya tuna cewa mawaƙin ya bar sakayya ga Allah, kuma bai kau da kai daga laifin annabawa da firistocin mutanensa ba.

Shawarata ga 'yan'uwa marubuta, Kirista ko Musulmin da masallacinsa ya ƙone, ita ce a zaɓi tsari mai ƙa'ida, ko da jerin bakaƙen Hausa ne, a kira abin da aka rasa da sunansa, a jinkirta ta'aziyya har sai ta nuna. Allah ya zaunar da Kano lafiya, amin.