Suna da Hausa, yarjejeniya da Faransanci: harshen yaƙin neman zaɓe da gajiyar masu ƙuri'a a Nijar

Duk wanda ya jera sunayen jam'iyyun da suka yi takara a Nijar daga 1993 zuwa 2021, zai ɗauka yana karanta babin kyawawan halaye a littafin tarbiyya: Nasara, Rahama, Tarayya, Zaman Lahiya, Amana, Alheri, Jama'a, Gaskiya. Kowace jam'iyya tana da suna biyu. Na farko harufa ne na Faransanci, MNSD, CDS, PNDS, ANDP, waɗanda ake rubutawa a takardun ma'aikatar cikin gida da na kotu. Na biyu kalma ce, galibi ta Hausa, wadda ake rangaɗawa a dandalin taro, a buga a jikin zane, a sa a bakin mawaƙi. Al'adar ta samo asali tun daga Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ta nemi a ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, aka kuma haramta ta a 1959. Sawaba ta biya kuɗin sunanta da kurkuku da gudun hijira. Jam'iyyun da suka zo bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 sun gaji wannan salo na laƙabi, sai dai yawancinsu sun same shi da araha.

Tazarar da ke tsakanin sunayen nan biyu ita ce tushen abin da ake kira gajiyar masu zaɓe, kuma zaɓen shugaban ƙasa na 2004 ya nuna ta a fili. Mutum shida suka tsaya a zagayen farko na 16 ga Nuwamba: Tandja Mamadou, Mahamadou Issoufou, Mahamane Ousmane, Amadou Cheiffou, Moumouni Adamou Djermakoye da Hamid Algabid. Biyar daga cikinsu sun zagaya ƙasar suna shaida wa jama'a cewa akwai abin da ya kamata a sauya, in ba haka ba me ya fito da su? Da aka ƙidaya, Tandja ya samu kimanin kashi 40 cikin ɗari, Issoufou kusan kashi 25. Kafin zagaye na biyu na 4 ga Disamba, duka huɗun da suka faɗi suka umurci magoya bayansu da su zaɓi shugaba mai ci, ya kuwa lashe da fiye da kashi 65. A zagayen biyu duka, waɗanda suka fita jefa ƙuri'a ba su kai rabin masu rajista ba.

A nan ne ya kamata mai nazarin harshe ya tsaya. Manomin Kornaka da ya bi Gaskiya domin ta ɓalle daga Rahama a farkon shekarar, da ɗan kasuwar Damagaram da ya tsaya wa Rahama, sun wayi gari a rumfa guda, ƙarƙashin Nasara, ba tare da an tambayi ko ɗayansu ba. An nemi ƙuri'arsu da Hausa, da kirari da karin magana da rantsuwa. An miƙa ta ga wani da Faransanci, a cikin sanarwar da aka karanta a Yamai gaban ƴan jarida. Abin da ya iso ƙauye fassara ce ta rediyo, jimla guda: shugaba ya ce a zaɓi wane. Dalili, sharaɗi, abin da aka yi alkawari, kujerun da aka raba, duk sun tsaya a ɗayan harshen.

Adalci ya wajabta a ce ƙawance kansa ba laifi ba ne. Tsarin zaɓe mai zagaye biyu yana tilasta shi, musamman a ƙasar da kowace babbar jam'iyya take da yankin da ta fi ƙarfi, CDS a Damagaram, PNDS a Tawa, ANDP a Doso, babu kuma wadda take iya haye rabi ita kaɗai. Da irin wannan haɗin gwiwa ne AFC ta kai Mahamane Ousmane kan mulki a watan Maris 1993, alhali Tandja ne ya zo na farko a zagayen farko. Abin zargi shi ne yadda jawabin kamfe yake ɓoye wannan gaskiyar. Ɗan takara ya san sarai cewa abokin hamayyar yau abokin gwamnatin gobe ne, amma a dandali sai ya zana shi a matsayin wanda ba a haɗa hanya da shi ko a hanyar masallaci. Jama'a suka ɗauki maganar da nauyinta. An ɓata tsakanin maƙwabta, an ƙaurace wa suna da biki, wasu ma jana'iza, saboda shugabannin da bayan mako uku za a nuna su a talabijin suna rungumar juna.

Kuma abin ya maimaitu har ya zama kamar wasan kwaikwayon da kowa ya haddace. A Satumba 1994 Issoufou ya ajiye muƙamin firaminista, PNDS ta fice daga AFC ta haɗe da MNSD ɗin da aka haɗu domin kayar da ita. Zaman dole tsakanin shugaba Ousmane da firaminista Hama Amadou ya ƙare da juyin mulkin Ibrahim Baré Maïnassara a 27 ga Janairu 1996. A 1999 Ousmane ya mara wa Tandja baya, ya zama shugaban majalisar dokoki. A Janairu 2011, kwanaki kaɗan kafin zaɓe, Hama Amadou ya sa hannu tare da Seini Oumarou da Ousmane a kan yarjejeniyar goyon bayan duk wanda ya kai zagaye na biyu a cikinsu. Seini ya kai, Hama ya koma wajen Issoufou, a 2013 kuma suka raba gari. Malamin tarihi da zai koya wa ɗalibai wannan zamani yana buƙatar allo mai faɗi da alli kala-kala.

Waƙar siyasa tana da nata kason a cikin wannan ruɗani, ko da yake ba a cika son faɗa ba saboda daɗinta. Ta gaji kayan aikinta daga waƙar fada: yabon asali, zuga, habaici da zambo. Waɗannan an ƙera su ne domin sarki, wanda ba a zaɓa, ba a kuma tambayarsa lissafi bayan shekara biyar. Da aka ɗauko su aka ɗora a kan ɗan takara, sai suka yi abin da suka saba: suka ɗaukaka mutum, suka bar manufa. Zaki, Nafarko, Baba: laƙabi ne masu armashi, sun shiga bakin yara da tsofaffi, amma babu wanda zai iya komawa gare su ya ce ga abin da aka yi alkawari, ga abin da aka cika. Zambon kuwa ya fi yabon tsawon rai. Shugabanni suna sasantawa a daren guda, amma kaset ɗin da aka zagi wani a ciki yana nan a tasha da shagon mai shayi, yana ci gaba da faɗan da masu shi suka riga suka bari. Mawaƙin ma a tsaka mai wuya yake: dole ya sake baiti, ya wanke wanda ya shafa wa baƙi jiya, masu sauraro kuma suna ji, ba su manta ba.

Abin da ya fi jan hankali shi ne amsar da jama'a suka bayar, domin ita ma adabi ce. Ba a rubuta ta ba, amma ta fi jawaban shugabanni kaifi. Zamanin AFC ya bar kalmar wasoso, wadda asalinta rububin yara ne a kan abin da aka watsa, ta koma sunan rabon muƙamai. Masu ilimin boko suka mayar wa jam'iyyu da martani da nasu salon harufa, suka ƙirƙiro PAC, wato dangi, abokai da ƴan sani, jam'iyyar da ba ta taɓa faɗuwa zaɓe ba. Tazarce, wadda aka aro daga Nijeriya ta zamanin Abacha, magoya bayan Tandja ne suka ɗauko ta da alfahari kafin ƙuri'ar raba gardama ta 4 ga Agusta 2009, amma bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010 ta zama kalmar gargaɗi. A fadojin matasa, inda ake kwana a gindin butar shayi, da shirye-shiryen kiran waya na rediyoyi masu zaman kansu irin su Anfani, aka riƙa juya sunayen jam'iyyun ana tambaya: rahamar wa, tarayya da wa, nasara a kan wa? Wannan suka ce ta gaske, wadda ta ɗauki kalmar da muhimmanci fiye da waɗanda suka zaɓe ta.

Wani lokaci amsar takan bar baki ta sauka kan titi. Watanni kaɗan bayan zaɓen 2004, dokar kasafin kuɗi ta 2005 ta shimfiɗa harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi irin su fulawa, madara da sukari, har da ruwa da lantarki, a shekarar da fari da fara suka riga suka cinye amfanin gona. A watan Maris dubban mutane suka yi maci a Yamai, aka rufe kasuwanni a manyan garuruwa, gwamnati ta janye yawancin matakan a Afrilu. Waɗanda suka jagoranci wannan yunƙuri ƙungiyoyin farar hula ne da na masu sayen kaya. Jama'ar da aka ce ta gaji da siyasa ta fito, sai dai ba a bayan tutar kowace jam'iyya ba.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an dakatar da ayyukan jam'iyyu, a watan Maris 2025 aka rushe su, a daidai lokacin da sabuwar dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Rahama da Tarayya da Gaskiya sun koma ƙamus, ɗauke da tabon shekara talatin na amfani. Abin da ya rage na wancan zamani yana warwatse: kaset-kaset a akwatunan masu sayar da waƙa, zannuwa masu hoton ƴan takara da suka zama labule ko goyon yaro, jawaban da aka naɗa a gidajen rediyo. Ƙungiyoyin al'adu na Maraɗi, Damagaram da Tawa su ne mafi kusa da waɗannan kaya, kuma zaren kaset ba ya jure zafin bazara shekara da shekaru.