Kunnen ɗa da waƙar uba: komawa ga makaɗan dauri a ƙasar Ƙonni da Adar

1. Gabatarwa

A cikin wannan takarda za mu duba wani al'amari da ya zama ruwan dare a garuruwan Ƙonni, Malbaza da Illela. Mutanen da suka yi ƙuruciyarsu cikin shekarun 1990 da waƙoƙin fina-finan Kano, yau da suka haura shekara arba'in, sun koma suna sauraren Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Mamman Shata, wato makaɗan da suka riƙa ji a rediyon iyayensu. Mu ma muna cikin wannan tsara. Akan ce begen iyaye ne ya jawo haka. Lalle bege yana da nasa rabo, amma a ganinmu dalilin ya fi haka zurfi. Waɗannan waƙoƙi a kan magana aka gina su, kuma kunne ba ya kama su sai mai shi ya san harshen da aka yi su da shi, ya kuma ɗanɗana rayuwar da suke zance a kai.

2. Yadda waƙoƙin suka iso

Birnin Ƙonni yana bakin iyaka. Tsakaninsa da Illela ta Najeriya (wadda ba ita ce Illela ta Adar ba) tafiyar ƴan kilomitoci ce, kuma hanyar Sakkwato ba ta kai kilomita ɗari ba. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba mulki, amma kasuwa da auratayya da harshe sun ci gaba yadda suke. Saboda haka makaɗan Sakkwato da Zamfara ba baƙi ba ne ga mutumin Ƙonni ko na Dogarawa ko na Badagishiri.

Rediyo ya ƙara ƙarfin wannan dangantaka. An buɗe gidan rediyon Nijar a 1958, na Kaduna kuma a 1962, kuma iyayenmu sun riƙa kama duka biyun. Daga shekarun 1970 kaset ya shigo, ƴan cin rani da ƴan kasuwa suna ɗauko shi daga Sakkwato da Kano. A wannan gefen iyaka ma an yi motsi. A Tawa aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, inda muryar Sagolo ta shiga kowane gida. A Tawa ɗin ne kuma aka soma gasar Ɗan Gurmu a 1987. Abin lura a nan shi ne, gasar da ke ɗauke da sunan makaɗin gargajiya an kafa ta ne domin kiɗan zamani. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda iska ta fara kaɗawa.

3. Abin da ya toshe kunnen matasa

Muna iya ware dalilai huɗu. Na farko lakwal ce. Yaron da ya yi karatu da Faransanci bai taɓa ganin waƙar Hausa a kan allon aji a matsayin abin nazari ba, sai ya ɗauke ta abin ƴan ƙauye. Na biyu fina-finan Kano ne, waɗanda akan ƙirga farkonsu daga Turmin Danya a 1990. Sun zo da kiɗan fiyano, da jigon soyayya, da Hausar Kano mai sauƙin kamawa. Na uku wa'azi ne. Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, da yaɗuwarta zuwa Nijar, an tsananta suka a kan kiɗa da roƙo, har kaset ɗin wa'azi ya maye gurbin na makaɗa a gidaje da yawa.

Dalili na huɗu yana cikin waƙoƙin kansu, kuma shi ya fi muhimmanci a wurinmu. Ba don matasa aka yi su ba. Turakunsu su ne sarauta, noma, dambe, kyauta, gaba tsakanin ƴaƴan sarki, da mutuwa. Saurayin da bai riƙe gida ba, bai ci bashin hatsi ba, bai kai kowa kushewa ba, me zai ji a cikinsu in ban da tsawo da maimaici?

4. Abin da kunne ke ganowa daga baya

4.1. Harshe. Abu na farko da mai komowa ke ganewa shi ne, da bakin gidansu ake waƙar. Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, da Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da Hausar yamma suka yi waƙa, wadda ta yi kusa ƙwarai da ta Ƙonni da Adar. A wannan karin harshe ana cewa shina a maimakon yana, yaz zo a maimakon ya zo, tahi a maimakon tafi, wagga a maimakon wannan, ɗiya a maimakon ƴaƴa. Ko sunan dokin da Narambaɗa ya yi wa waƙa, Ɗanhilinge, yana ɗauke da wannan lafazi, yana kuma nuni ga garin Filinge na Nijar. Ɗan Adar da ya daɗe wurin biɗa a Abijan ko Legas ko Libiya, ya saba da gyara bakinsa don kada a yi masa dariya, idan ya ji wannan Hausa a bakin gwani sai ya gane cewa karin harshen da yake ɓoyewa shi ne aka yi manyan waƙoƙin fada da shi.

4.2. Tsari. A kiɗan kotso da na taushi, jagora ba ya ƙarasa magana shi kaɗai. Yakan ɗauko ɗan waƙa, ƴan amshi su karɓe, su yi ƙari, sannan a komo ga gindin waƙa. Ga wanda bai saba ba, wannan hayaniya ce da ke haɗiye kalmomi. Wanda ya natsu zai ga aikin mutane da yawa ne da suka haddace abu guda, kowa ya san gaɓar da zai shiga. Maimaita gindin waƙa kuwa hutu ne ga mai saurare, domin ya juya abin da aka faɗa kafin a kawo wani. Kalangu ma, na Shata da na Ɗan Anace, magana yake yi: makaɗi yana matsa tsarkiya yana saki, sautin yana bin hawa da saukar muryar Hausa, har a gane taken mutum ba tare da an furta sunansa ba.

4.3. Abin da aka sakaya. Rabin daɗin waƙar fada yana cikin zambo da habaici. Makaɗi ba ya kama sunan abokin gabar ubangidansa. Yakan siffanta shi da dabba, ko da tafiyarsa, ko da rowarsa, ƴan fada su gane, baƙo ya wuce. Haka kuma Ɗan Anace, cikin zuga Shago da Ɗandunawa, yakan juya ya tuna da mazajen da suka riga mu gidan gaskiya. Wannan gaɓa ce yaro ke tsallakewa, ita ce kuma magidanci ke maimaitawa.

5. Inda ya kamata a yi hattara

Komawa ga waƙoƙin iyaye ba ya nufin karɓar komai da ke cikinsu. Yawancinsu yabon masu mulki da masu dukiya ne, kuma an yi su ne da sa ran kyauta. Akwai ɗiyan waƙa da jerin sunaye ne kawai na waɗanda suka ba da riga ko doki. Mai nazari dole ya bambance inda makaɗi ya ƙera magana da inda yake biyan bashin alheri. Bakandamiyar Narambaɗa da ta Shata sun tsaya da ƙafarsu ne domin a cikinsu mawaƙi ya fuskanci sana'arsa da kansa.

Akwai kuma giɓi babba. Abin da muke kira waƙar iyaye, in an duba, waƙar ubanni ce. Waƙoƙin daka da niƙa da reno da kiɗan ƙwarya na iyayenmu mata ba su sami kaset ba sai ƙalilan, irin na Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013. Injin niƙa ya shigo ƙauyukan Tsarnawa da Galmi da Tajaye, dutsen niƙa ya koma gefe, waƙarsa ta bi shi. Wanda ke son ya koma ga abin da uwarsa ta rera, sau da yawa ba shi da inda zai same shi.

6. Kammalawa

Muryoyin makaɗan maza sun tsira. Sun tashi daga kaset sun koma cikin wayar hannu, ana tura su ta WhatsApp daga Ƙonni har Tarabulus. Abin da ke cikin haɗari shi ne masu bayani, wato tsofaffin da suka san wa aka yi wa zambo, wace gaba ce ta haifi wane habaici, me wata tsohuwar kalma ta doki ko ta gona take nufi. Shata ya rasu a 1999, kuma tsarar da ta saurare shi ido da ido tana ƙarewa.

Kayan aiki suna nan. Cibiyar tattara adabin baka ta Yamai, wadda aka sani da CELHTO, tun 1968 aka aza harsashinta, kuma Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa hanyar nazari a cikin Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993. Shawararmu ga ɗalibai ita ce su rubuta waƙoƙin yadda aka rera su, ba tare da mayar da su daidaitacciyar Hausa ba, domin gyaran yana kashe kari da ma'ana. Sannan su ɗauki rubutun su je fadar Ƙonni da ta Sarkin Adar a Illela, su zauna da dattawa a bi shi ɗa bayan ɗa. Su kuma shiga cikin gida su ɗauki muryar tsofaffin mata tun suna iya tuna abin da suka rera a bakin turmi.