Gida Ɗaya, Masu Shi da Yawa: Wa Zai Yaɓe Zaure?

A Legas akwai rukunin benaye da ake kira 1004 Estate a Victoria Island, wanda aka buɗe a 1979 don 'yan majalisar tarayya. Da gwamnatin Obasanjo ta fito da tsarin sayar da gidajen gwamnati a 2003, sai aka sayar da shi ga kamfani, aka gyara, aka sayar hawa-hawa, sashe-sashe. Kowa da takardar sashensa, amma matakala da rufi da tankin ruwa na kowa ne, kuma kowa yana biyan kuɗin kula da su.

Mutumin Birnin Kudu ko Gwaram zai ce wannan harkar 'yan birni ce. A ganina mun daɗe da irin wannan gida, sunansa gidan gado.

Dubi tsohon gida a cikin gari: zaure na tubali, rufin azara, shigifa, sannan tsakar gida da rijiya, ga sassan 'ya'ya da jikoki. Muddin maigida na raye, shi ke tara samari kafin damina a kwaɓa ƙasa a yaɓe soro, a gyara indararo. Ranar da ya kwanta dama aka raba gado, sai kowane magaji ya ja bulo ya kewaye nasa, ya buga kwano, wani ya fasa ƙofa ta waje. Tun da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, ga kuma ma'aikatan Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu da malaman makarantu suna neman masauki, sashe ya zama abin bayarwa haya, har da sayar wa bare.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zaure. Ba ya shiga rabon kowa. Wannan ya ce ba ta nan yake shiga ba, wancan ya ce yana Kano, ɗan haya kuwa ina ruwansa. Tsaga ta fara daga zanko, ruwa ya bi azara, gara ta ƙarasa, kuma damina mai ƙarfi irin ta 2022 ba ta barin ginin ƙasa da ya shekara biyu ba yaɓe.

Alhali fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan nan bai bar batun haka ba. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ɗora gyaran ƙasan bene da itacen rufinsa a kan mai ƙasa, don kada na sama ya cutu. Ta kuma kawo shuf'a, wato haƙƙin abokin tarayya ya riga bare sayen kason da ba a raba ba. Malamai sun san mallakar haɗin gwiwa tun kafin Legas ta yi bene.

Abin da muka rasa rubutu ne. Ina roƙon alƙalai da masu unguwanni, duk ranar da za a raba gida, a sa zaure da rijiya da katanga cikin takarda, a faɗi wanda zai gyara da abin da kowa zai bayar duk shekara.