Hannun Maigida a Kan Allon Aski

Kafin injin buga hoto ya cika Maraɗi da manyan ledojin talla masu sheƙi, allon shagon aski shi ne makarantar zanen mutum a unguwanni irin su Sabon Gari. Kawuna shida ko takwas a jere, kowa da salon askinsa, an zana su da fentin mai a kan katako ko fallen kwano. Yaron shago ba ya farawa da fuska. Wankin buroshi da kananzir yake yi, yana dama fenti, har ran da maigida zai jingina masa tsohon allo ya ce, "Yi mini irin wannan."

Duk wanda ya bi rubutun malam a makarantar allo ya san wannan hanya. Sai dai harafi yana jiran mai kwaikwayo, bugun buroshi kuwa ba ya jira. Hasken da ke goshin kan da maigida ya zana, shafa ɗaya ce ta fari da rawaya, an ja an ɗaga hannu. Yaro zai zo ya yi ta da ɗigo ashirin, yana gyara, yana lallaɓa, fuskar ta fito sumul kamar ta ƴar tsana. Ya sami kamannin, saurin ya kuɓuce masa.

Manyan masu zane a Turai ma da wannan suka yi fama. John Singer Sargent ya je Madrid a 1879 ya zauna gaban zanen Velázquez yana kwaikwaya, a 1880 kuma ya tafi Haarlem ta ƙasar Holan don Frans Hals, wanda ya rasu tun 1666. Wuyan riga a wurin Hals, in ka matso kusa, kwasar fari ce kawai aka watsa. Ka ja baya taku uku, ta zama yadi mai ninki. Abin da Sargent ya je nema ke nan: wane launi aka fara sawa, wanne aka ɗora tun na ƙasa bai bushe ba. Mai zane Aina Onabolu na Ijebu Ode kuwa daga hotunan jaridu da mujallu ya fara koyo, shi ya sa, a ganina, hannunsa ya fito a natse, ba watsi.

Matasan yau daga waya suke kwafa, gilashi kuma yana shafe kaurin fenti da sawun gashin buroshi. Gara tsohon allon da za a iya shafawa da yatsa.

Akwai kuma abin da ba a faɗa. Fentin mai na Turawa yakan kwana biyu ko uku da danshi, na gwangwani kuwa a zafin Afrilu nan da nan yake kamawa, da hunturu ƙura ta manne masa. Sakin hannun mai zanen Maraɗi, rana ce ta koya masa.