Illela Ta Yi Barci, Kuraye Su Buɗe Ido

Ku da kuka taɓa zama a kan tabarma bayan sallar isha'i, kuka yi da'ira, kuka rufe ido ruf, kuna jin takun mai tatsuniya yana zagayawa ta bayanku a hankali kamar mai fakon ɓarawon kaji, ba sai na ɓata bakina wajen gaya muku daɗin wasan Kura ba. Kun sani. Wasa ne mai ban tsoro, mai ban dariya, mai tayar da tsikar jiki, mai sa dattijo da furfurarsa ya riƙa buga cinya yana kare kansa kamar yaron da aka kama da hannu cikin tukunyar miya, kuma duk wannan bidiri yana ƙunshe ne cikin ɗan kwalin da zai shige aljihun babbar riga ba a gane ba. Ni kam na kamu. Na yi ludo, na yi whot, dara kuwa har gobe ina ganin girmanta, amma duk daren da majalisarmu ta watse ba a raba katin Kura ba, shayin ma salam nake jin sa.

Mu a nan Illela, ta Ƙonni wasan ya shigo mana. Wani ɗan kawuna da ke koyarwa can, mushe kamar yadda suke cewa, ya zo mana Babbar Sallar 2023 da kwalin, ya manta shi a ɗakina. Ba a jima ba sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin hanya, kasuwar Lahadi ta yi sanyi, dare ya yi mana tsawo. Takardar dokokin da Faransanci take, don haka ta WhatsApp mushe ya riƙa fassara mana ita da saƙon murya, doka bayan doka, muna sauraro a teburin mai shayi kamar masu jiran labaran duniya. Kafin a buɗe iyakar a watan Maris na 2024, har direbobin da suka maƙale a garin sun zama gwanaye.

Sunan da ke jikin kwalin shi ne Les Loups-garous de Thiercelieux. Wasu Faransawa biyu, Philippe des Pallières da Hervé Marly, su suka fitar da shi a 2001, suka raɗa masa sunan wani ɗan ƙauye na gaske da ke gabas da birnin Paris. Amma tushensa ya girmi haka. Dmitry Davidoff ne ya ƙirƙiro shi a Jami'ar Mosko a 1986 da sunan Mafia, sannan a 1997 wani Ba'amurke, Andrew Plotkin, ya cire 'yan daba ya sa mutanen da ke rikiɗa kyarkeci da dare. Allah ya saka masa, don wannan canjin ne ya sa wasan ya zauna mana daram. Wane Bahaushe ne bai taso da labarin mutumin da ke rikiɗa kura idan sawu ya ɗauke ba? Ko minti biyar ba mu yi muna shawara ba. Kyarkeci ya koma kura, ƙauyen Faransa ya koma Illela, dajin ya koma bakin tafkin Kalmalo.

Katunan 24 ne, masu kusurwa huɗu daidai wa daida, da zane mai duhu-duhu, mai kwarjini, mai kama da tambarin da ake bugawa a jikin tsohuwar ƙofa, wanda ko a hasken tocilan waya ka ɗaga naka ka ga jan katin kura sai gabanka ya faɗi. Kuraye 4 ne, talakawan gari 13, sauran kuma masu muƙami. Mutum 8 zuwa 18 ke yi, ban da mai gudanarwa, wanda mu muke kira mai tatsuniya. In ku 8 ne, kuraye 2 sun isa. In kun kai 12 a sa 3. Kada ku yarda da masu zuba kuraye 4 a cikin mutum 10 wai don abin ya yi zafi. Raun biyu za a yi a cinye garin.

Masu muƙamin duk mun sake musu suna, kuma a nan ne nake alfahari da majalisarmu. Wadda Faransawa suka zana a matsayin mai duba, wadda kowane dare take leƙa katin mutum ɗaya, mu Kwastan muke ce mata, tunda aikinta buɗe kaya ta ga abin da ke ciki. Mai kwalaben magani biyu ta zama Ungozoma. Akwai Maharbi, akwai Ɓarawo, akwai 'Yar Leƙe. Katin kyaftin ya zama Mai Gari. Shi kuma mai kibiyar soyayya, tunda mu duka maza ne a zaune, sai muka mayar da shi Mai Ƙulla Aminci: ya nuna mutum biyu a daren farko, su zama aminai, rai ɗaya.

To, 'yan'uwa, ga inda nake son mu fahimci juna, don na je majalisu biyu a unguwannin garin nan na ga ana yi wa dokoki hawan ƙawara. Tsarin dare ba a hargitsa shi. A daren farko kaɗai ake tayar da Ɓarawo, sannan Mai Ƙulla Aminci, sannan aminan su buɗe ido su ga juna. Bayan haka, kowane dare, Kwastan ne farko, sai kuraye, sai Ungozoma a ƙarshe. Dalili a fili yake: sai kuraye sun zaɓi wanda za su ci kafin mai tatsuniya ya nuna wa Ungozoma shi, ta ga ko za ta cece shi. Kwalabenta biyu ne, ta warkarwa da ta guba, kowace sau ɗaya tak a wasa gaba ɗaya. Tana iya amfani da duka biyun a dare ɗaya, kuma, ku saurara da kyau ku masu gardama, tana iya ceton kanta in ita aka ci. Wannan musun ya taɓa cinye mana rabin awa har sai da muka sake kunna muryar mushe.

Maharbi kuma, ko kura ce ta ci shi, ko gari ne ya kashe shi da ƙuri'a, ko gubar Ungozoma ce, ko baƙin cikin mutuwar amininsa, sai ya harba kibiyarsa ta ƙarshe ya tafi da mutum ɗaya. Nan take, ba sai gobe ba. Aminai ba sa jefa wa juna ƙuri'a, ko da wasa, kuma in ɗaya ya mutu ɗayan ya bi shi. In aka yi dace ɗaya kura ne ɗaya ɗan gari, to sun fita daga kowane ɓangare, burinsu su ga bayan kowa su rage su biyu. Wannan doka ita ce zumar wasan, ita ce gishirinsa, ita ce ke sa ka ga ɗan gari na ƙwarai yana kamfe da jijiyar wuya don kare wanda ya san sarai kura ne.

'Yar Leƙe ita ce katin da na fi ƙauna, kuma ita aka fi zalunta. Damarta ita ce ta ɗan buɗe ido kaɗan, ta tsakanin yatsu ko ta ƙasan hula, a lokacin da kuraye ke farke kawai. Ba ta leƙen Kwastan, ba ta leƙen Ungozoma, ba ta kuma buɗe ido tar ta yi kamar ita ma kura ce. In kuraye suka kama ta tana leƙe, ita za ta mutu a madadin wanda suka nuna. Ka zauna da wannan kati a hannu, gumi na bin bayanka a tsakiyar hunturu, kana ganin inuwar hannun maƙwabcinka tana nuna ƙaninka, ba ka da ikon ko tari, ga shi da safe dole ka san yadda za ka ja hankalin gari ba tare da ka tona kanka ba. Kai! Wane fim ne zai ba ka wannan?

Mai Gari zaɓensa ake yi, ƙuri'arsa biyu ce, in an yi kunnen doki shi ke raba gardama, in zai mutu shi ke naɗa magajinsa. In babu shi aka yi canjaras, a sake kaɗawa tsakanin waɗanda suka yi daidai, in an sake yin haka, ranar ba a kashe kowa. Yaranmu inkwankulusib suke ce wa wannan, kuma mu da muka ga zaɓen gwamnan Sakkwato na 2019 an raba shi da ƙuri'a 342, ba a koya mana darajar ɗan yatsa ɗaya.

Dokar da ta fi kowace wuya ga Bahaushe ita ce ta matacce. Wanda ya mutu ya juya katinsa kowa ya gani, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ba gyaran murya, ba ƙifta ido, ba "uhm", ba zuba wa wanda kake zargi shayi da hannun hagu. Fawul ne, kuma yana kashe wasa murus.

Mun ƙara namu dokokin guda biyu da babu su a takardar Faransawa, kuma ina roƙon duk mai son wasan nan ya ɗauke su. Ba a rantsuwa. Wasan kwaikwayo ne da kowa ya shiga da saninsa, kura dole ta musa cewa ita kura ce, saboda haka sunan Allah ba ya shiga ciki; wanda bakinsa ya suɓuce ya rantse, mai tatsuniya ya fitar da shi nan take. Sannan ba a kiran kowa maye, ko da raha, don mun san abin da wannan kalmar ta jawo wa bayin Allah a garuruwa. Kura ce, kuma da an naɗe tabarma ta koma daji. Kuɗi kuwa ko sisi ba a sawa, don haka masu hango kati daga nesa su ce caca, bismillah, ku matso ku gani.

Ƙorafina kaɗan ne, amma zan faɗa. Wanda kuraye suka ci a daren farko ya shiga uku, sai ya yi kusan rabin awa yana kallo bakinsa a ɗaure. Katin Ɓarawo ma ban ga amfaninsa sosai ba: a ƙara kati biyu, ya duba, ya canja in ya so, dole ya canja in duka biyun kuraye ne, shi ke nan aikinsa ya ƙare. Mu mun ajiye shi a kwali. Kuma har yau ina jin haushin cewa wasan da aka yi wa fim a Netflix a 2024, har da Jean Reno a ciki, ba shi da bugun Hausa da kura a jikin katinsa.

Amma duk wannan ba ya rage komai idan aka samu mai tatsuniya na ƙwarai, don shi ne ran wasan. Wani zai ce "kuraye su farka, kuraye su kwanta" kamar mai kiran lambar mota a tasha. Gwani kuwa zai kashe fitila, ya ja numfashi, ya ce iskar hunturu ta taso daga arewa, karnukan kara sun yi shiru, jakin mai ruwa ya ƙi cin harawa, sannan ya kwaikwayi kukan kura can ƙasan maƙogwaro har ka ji wani ya matso kusa da kai. Da safe ya ba da labarin gawa: an tsinci takalmin wane ɗaya a bakin rijiya, ɗayan a kan katangar makaranta, hularsa kuma akuya na tauna. Tsoro da dariya a cokali ɗaya. Rabon da in ji irin wannan tun muna yara a ɗakin kaka, ana ga ta nan ga ta nanku.

Akwai wani dare da ba zan manta ba, ni ke riƙe da tatsuniyar, mu 13 har da ni. Akwai wani dattijon tela da duk muke ce wa Kawu, mutum mai sanyi, mai kunya, mai tsoron hayaniya, wanda in ya yi magana sau uku a dare to an yi hira. Shi katin kura ya faɗa wa, aka kuma ƙulla shi aminci da wani yaro ɗan kabu-kabu, ɗan gari zalla. Ina kallo Kawu ya sa aka ci Kwastan a dare na biyu, ya bari gari ya kashe kurayen nan biyu 'yan'uwansa, har da ƙuri'arsa a ciki, yana girgiza kai kamar mai jimami. Wani direba ya nuna shi ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, amma shirun nan naka ya yi yawa." Kawu ya gyara hula ya ce, "Ɗana, mi na yi ma? Ni da ko zakara sai an kama min." Yaron nan ya miƙe tsaye ya ce ai rashin kunya ce a zargi sa'an uban mutum. Gari ya juya kan direba. Katinsa na talaka ne.

Haka suka yi ta yi har aka rage uku: Kawu, da yaron, da mai shayi. Na ce gari ya waye, a kaɗa ƙuri'a. Yatsu biyu suka nuna mai shayi. Matattu tara na zaune a gefe sun toshe baki da hannu, wani har hawaye yake. Kawu ya fara murmushi, karon farko a daren, ya miƙa wa yaron hannu. Mai shayi ya ajiye buta a kan gawayi, ya goge hannu a jikin riga, ya juya katinsa a hankali. Maharbi ne.

"To Kawu," in ji shi, "tare za mu tahi."

Kibiya ta samu Kawu, baƙin ciki ya ɗauke yaron, Illela ta wayi gari babu kura babu mutum. Ihun da aka yi sai da maƙwabci ya leƙo ta katanga yana tambaya ko lafiya. Kawu kuwa ya tattara katunan da kansa, ya miƙo mini, ya ce, "Malam, sake rabawa, dare bai yi ba tukuna."